Yatsa Ɗaya Cikin Bakwai, Yagana

Allah ne Ya ba mu, kuma ranar Talata 8 ga watan Oktoba na 2024, da hantsi, Ya karɓi abinSa. 'Yata Hadiza Bukar, injiniya a biro, wato ofishin tsare-tsare na gari, matar Modu, uwar Nafisa da Hafsa, ta rasu a asibiti nan Zinder bayan zazzaɓin kwana huɗu. Shekararta talatin da huɗu. Bayan azahar muka kai ta makwancinta. Daga gare Shi muka fito, can kuma za mu tattara, babu mai yin saura.

Yau ne karo na farko da na rubuta wannan suna, baki kuwa bai taɓa kiran ta da shi ba. Sunan mahaifiyata aka sa mata, a gidanmu kuwa ba a kiran uwa da suna ko da tana cikin zanen goyo. Yagana nake ce mata, irin na kakanninmu na Barno, wato ƙaramar uwa. Da shi zan ci gaba, don shi ta sani, shi take amsawa.

Masu karatu su yi mini afuwa. Ni ne Bukar mai ƙanƙara na Zango. Na shiga lakwal, makarantar boko, na zauna ajin ƙarshe na firamare sau biyu, har mushe, malaminmu, ya ce bencin ya saba da ni, tausayin raba mu yake ji. Daga nan na kama sayar da ƙanƙara a garin da wuta ba ta zama, kun ga ke nan rabin shekara ruwan ɗumi nake sayarwa. Abin da aka fi sanina da shi a unguwa shi ne baki. Ko gaisuwar mutuwa na je sai an sami mai toshe dariya da hannun riga. Yau ga tawa ta zo, na laluba ko'ina ban sami abin faɗa ba, shi ya sa na ɗauki alƙalami.

Yagana, kina da shekara tara kika kwance mini rediyo. Na dawo daga masallaci na tarar da cikinta a baje a kan tabarma, kin jera ƙusoshin a murfin kwano, manya gefe guda, ƙanana gefe guda. Na ɗaga murya, kika ce, "Baba, ka bari in gama, ai ban gama ba." Kika mayar da komai, ƙusa biyu suka yi saura, rediyon ta yi magana fiye da da. Na ce wa uwarki Hajara yarinyar nan ba ni ta biyo ba, mu gode wa Allah. Wata rana kuma kika tsinci takardar sakamakona ta lakwal a ƙasan akwati. Na gan ki kina karantawa. Kika ninke ta yadda take, kika mayar, kika rufe akwatin, har kika koma ga Allah ba ki taɓa ɗaga zancen ba. Ni da a ce ni na tsinci irin wannan takarda ta wani, da duk Zango ta ji kafin la'asar.

Maƙwabciyarmu Iya Tani, mai ciwon suga, a firigona na ƙanƙara take ajiye maganin allurarta, don zafi yana lalata shi. A bazarar da wuta ta riƙa yini ba ta zo ba, kin dawo daga aiki kin same ta a ƙofar shagona da kwalbar a hannu tana tambayata ko maganin ya mutu. Ni na ce mata in ya mutu mu yi masa salla. Ke kuwa kika shiga gida kika ɗauko tukwane biyu na ƙasa, kika sa ƙaramar cikin babbar, kika cika tsakaninsu da jiƙaƙƙen yashi, kika rufe da ɗanyen tsumma. Kika koya wa jikarta yadda za ta riƙa yayyafa ruwa. Har yau tukunyar tana ɗakinta. Ranar da kika rasu da ƙyar aka ɗaga Iya Tani daga ƙofar gidanmu.

Wannan bazara ce ta sa kika rungumi aikin da ya cinye shekarunki uku na ƙarshe. Gari ya yi girma, injinan da ke ba shi wuta ba su isa, sai majalisar gari ta yanke shawarar a ƙara wani sabon inji babba a wajen gari, kan hanyar Gaffati. Aka ba ki dosiyen, wato fayil ɗin aikin. Ni a tunanina inji saye ake yi, a ɗora a kan siminti, a murɗa makulli. Ke kika zaunar da ni kika ƙirga mini takardu goma sha ɗaya da sai sun cika kafin a haƙa ko rami ɗaya: yardar majalisa, taswirar fili, awon ƙasa, izinin masu kula da muhalli kan hayaƙi da ƙara da baƙin mai, takardar jin bakin jama'a, da sauran waɗanda kaina bai riƙe ba. Na ce, "Yagana, ni da na auri uwarki ba a nemi takarda ko ɗaya ba, ga shi kuwa har yau tana aiki." Hajara ta jefo mini ludayi daga madafa.

Ɗaya bayan ɗaya kika tara goma. Na ga yadda kika yi. Na ga kin tafi Yamai sau biyar a motar haya, sau ɗaya da cikin Hafsa. Na ga kin sake zana taswira gaba ɗaya saboda kin gano iskar damina za ta kai hayaƙi kan wata makarantar ƙauye, alhali babu wanda ya lura, babu kuma wanda zai tuhume ki in kin yi shiru. Takarda ɗaya ta rage, ita ce ta ƙasa. Filin da ya dace gona ce ta gado da ba a raba ba, magada bakwai, babbansu wani tsoho, Malam Nomau. Gari zai ba su wata gona a madadinta, mai faɗin tasu har da ƙari, amma sai dukansu bakwai sun dangwala yatsa a takarda ɗaya, a gaban shaidu.

Sau biyu mutanen biro suka je da mota mai tambari, Malam Nomau ya ba su ruwa, ya ba su hanya. Sai kika zo shagona kika ce, "Baba, gobe ka kai ni a kan moto. Tsofaffi sun fi sauraron mace in sun ga 'yar wa ce." Na sa babbar rigata ta Juma'a, na tayar da babur. Muna isa na ji yadda tsohon yake lanƙwasa harshe, na dubi hancinsa, na gane Bafillace ne da shanu suka ƙare wa kakanninsa suka kama fartanya. Kowa ya san tsakanin Babarbare da Bafillace wasa ne tun kaka da kakanni, ba a fushi, ba a kai ƙara. Na ƙi yin sallamar kirki, na ce, "Kai bawana, ubangijinka ya zo, ina tabarma?" Tsohon ya yi dariya har hularsa ta faɗi. Ya ce, "Yau kuma wace iska ta kwaso mini Babarbare? Ku ɓoye ƙwaryar fura!" Ranar aka shimfiɗa mana tabarma a cikin gida. A hanyar dawowa kika ce, "Baba, ashe bakin nan yana da rana." Shekarata sittin da ɗaya, ban taɓa samun yabon da ya kai wannan ba.

Sau goma sha huɗu muka koma ƙauyen. Ni ina gefe ina cin gyaɗarsu ina zagin shanun da ba su da su, ke kina aiki. Ba ki ɓoye musu komai ba. Kin ce injin yana da ƙara, kin kai maza uku da mata biyu tsohuwar tashar wuta suka ji da kunnensu. Matan suka ce rijiyarsu fa, kika janye katangar wurin injin taki ɗari da hamsin daga rijiyar, kika sa a rubuta cewa za a yi ramin siminti na tara baƙin mai. Malam Nomau ya nuna miki wata aduwa a kusurwar gonar, ya ce kakansa yana ƙarƙashinta. Kika cire kusurwar daga taswira, duk da sai da kika sake neman sa hannun mutum uku saboda haka. Tsohon ya daina ce miki madam, ya koma ce miki 'yata.

Yanzu na zo wurin da ya sa na zauna rubutun nan. Hajara ta ce kada in rubuta. Modu ma ya ce in bar shi. Amma in na ɓoye, to ban yi miki adalci ba, don kada wata rana a ce Hadiza ta bar aiki a rabi.

Ranar wata Asabar ce cikin Agusta, gero ya fara fitar da kai. A damina ne kawai ake samun magadan nan bakwai a wuri ɗaya, don da an yi girbi samarinsu suke watsewa cin rani. Kin san haka, shi ya sa kika matsa a yi a lokacin. Amma a gidansu Malam Nomau ba a sallama gona da amfani a tsaye a cikinta, sai an cire. Wata guda kika yi kina lallashinsa, kina nuna masa cewa takardar ta ce ba za a taɓa ko kara ɗaya ba sai bayan kaka. Ranar nan ya yarda zai karya al'adar gidansu saboda ke. Aka taru a gindin tsamiya, su bakwai, ga mai gari, ga liman, ga abokiyar aikinki Madam Dibora riƙe da dosiye. Kika karanta takardar da Faransanci, kika mayar da ita Hausa kalma kalma. Liman ya yi addu'a, aka shafa Fatiha. Kika buɗe ɗan akwatin tawada. Malam Nomau ya goge babban yatsansa a riga, ya miƙo.

Wurin ya yi tsit, ni kuwa tun da aka haife ni ban iya zama cikin shiru ba. Sai na ji bakina yana cewa, "Dangwala, bawana! Yau Babarbare ya ƙwace gonar Bafillace, ba yaƙi, ba ko sanda."

Aka fashe da dariya, har liman. Malam Nomau ya fi kowa dariya. Sai ya janye yatsan, ya ɓoye shi a hammata, ya ce, "Au, ƙwace ne? To wallahi sai Babarbare ya yi jira. 'Yata, na ba ki, Fatiha ta shiga, ba na tashi. Amma yatsa sai gero ya shiga rumbu, yadda ubana ya yi. Ubanki ya sha rana tukuna." Ya rama wasa da wasa, yadda ake yi. Babu wanda ya ga laifi, sauran shida suka miƙe suna karkaɗe riguna. Na waiwaya na ga kin rufe akwatin tawadar a hankali.

Muka kamo hanya daga ƙauyen har Zango. Da kika sauka kika gyara mayafi, kika ce, "Ba komai, Baba. Wata biyu ne, kaka ta kusa. Amma ranar da za mu koma, a bakin hanya zan bar ka ka yi gadin moto." Kika yi murmushi. Da kin yi mini faɗa ko sau ɗaya, da yau ina da abin riƙewa.

An fara yankan gero a makon da zazzaɓin ya kama ki. Ranar Juma'a kika ce kanki yana sarawa, ranar Asabar aka sa miki ƙarin ruwa, ranar Litinin ba ki gane Modu ba. Likitoci sun yi iyakar ƙoƙarinsu, ina shaida. Da safiyar Litinin ɗin kin buɗe ido kin gan ni, kika ce, "Baba, sun gama girbi?" Na ce saura kaɗan. Na so in ƙara wani abin da zai sa ki dariya, ban samu ba. Ita ce maganarmu ta ƙarshe.

Ranar sadakar bakwai Madam Dibora ta kawo jakarki daga biro. Baiwar Allah nan ta zauna da Hajara kwana uku, ta ce 'yan cocinsu sun yi miki addu'a. Ita ta bayyana mini abin da kika ɓoye mini don kada in damu: an ba dosiyen wa'adi, 30 ga Nuwamba. In takarda ta goma sha ɗaya ba ta shiga ba kafin ranar, injin da aka ware wa garinmu za a ba wani gari da ya riga ya shirya, izinin muhallin ma wa'adinsa zai ƙare, a koma farko. Na ce farko kamar yaya? Ta ce kamar shekara uku.

Ita da shugabanku Mushe Amos sun je ƙauyen sau biyu. Uku daga cikin magadan sun riga sun tafi cin rani, ɗaya Kano, ɗaya Agadas, ɗayan ma babu wanda ya san inda ya nufa. Cikin waɗanda suka rage akwai Mutari, ɗan ƙanen Malam Nomau, shi sauran biyu suke bi. Ya ce musu abin da aka yi a gindin tsamiya wasan taubasai ne, kowa ya ji an yi dariya, kuma uban yarinyar da bakinsa ya ce ƙwace ne. Mushe Amos ya nemi in je in ba da shaida cewa da gaske aka yi. Na je. Ina buɗe baki yaran ƙauyen suka fara dariya tun ban ce komai ba. Shekara arba'in ina koya wa mutane kada su ɗauki maganata da nauyi, sun kuwa koya.

Ba na zargin Mutari. Ya ja ni gefe ya ce, "Baba Bukar, ita muka sani. Ita ta ce rijiya ba za ta lalace ba, in ta lalace mun san ƙofar da za mu buga. Yanzu wa za mu kama? Takarda?" Na ce duk abin da ta yi alkawari yana rubuce. Ya ce, "Kai ka iya karanta shi?" Na dubi Faransancin nan, na tuna bencina.

Shekaranjiya, washegarin sadakar arba'in, na koma ni kaɗai da jakarki a wuya. Na sami Malam Nomau a ƙofar rumbu, gero ya shiga. Idonsa ya yi rauni, amma ya gane ƙarar moto. Ya ce, "Wane ne? Bawana ne?" Ya karkata kunne yana jiran in rama. Na durƙusa na ce, "Salamu alaikum, Malam Nomau. Ni ne Bukar, mahaifin Hadiza." Tsohon ya ce, "Kai ma rashin nan ya kashe ka ke nan." Ya share ido da gefen rawani, ya ce, "Na ce mata in gero ya shiga rumbu. Ga shi ya shiga. Kawo takardar."

Ya aika aka kira mai gari da liman. Na buɗe ɗan akwatin tawadar nan da kika rufe a Agusta, na tarar ta bushe ƙaƙas. Liman ya ɗiga mata ruwa daga buta, muka jira ta jiƙa. Malam Nomau ya danna yatsa da dukan ƙarfinsa, ya ɗora inda na nuna masa. Alamar ta fito dishi-dishi, shuɗi mai ruwa-ruwa. Ya aika a kira Mutari, aka ce ya tafi kasuwa. Muka jira har la'asar bai dawo ba.

Na kai wa Madam Dibora. Ta riƙe takardar da hannu biyu, ta daɗe tana kallo, ta ce za ta sa a dosiye, amma ba za ta yi mini ƙarya ba, ɗaya ba ya isa, doka bakwai ta ce. Ga sakamakon ke nan, Yagana: ɗaya cikin bakwai. Kin ga takardata ta lakwal, kin san ba yau na fara kawo irinsa gida ba. Wancan dai ni kaɗai ya shafa.

Saura kwana goma. Na ba direbobin Kano da na Agadas saƙo, ban san ko zai isa ba. Gobe zan koma wurin Mutari, jibi ma haka, in zauna a ƙofarsa in kama bakina, tunda abin da ban taɓa gwadawa ba ke nan. Ban ce zai yi amfani ba. Nafisa ta tambaye ni ko injin mamanta zai zo, na ce mata Allah Ya sani, kuma wannan karon ba wasa nake ba. Bazara tana tafe, Iya Tani tana nan tana yayyafa wa tukunyarta ruwa.

Ina miƙa ta'aziyyata ga Hajara, wadda ta haife ki ta kuma yi haƙuri da ni shekara talatin da shida. Ga Modu, wanda bai taɓa hana ki tafiya ba, ya yi ta goyon yara kina Yamai, Allah Ya ba shi ladan haƙuri. Ga Nafisa da Hafsa, Allah Ya raya su, Ya ba su kan uwarsu, Ya tsare su daga bakin kakansu. Ga Madam Dibora da Mushe Amos da dukan abokan aikinki, ga Iya Tani da mutanen Zango, ga Malam Nomau da gidansa har da Mutari, don su ma sun yi rashin wadda suka amince da ita. Duk wanda ta saɓa wa ya yafe mata. Wanda ni na saɓa wa da sunan wasa, ga ni, ya zo.

Ya Allah, Ka jiƙan Hadiza, Ka gafarta mata, Ka karɓi takardunta goma a matsayin cikakken aiki, don Ka san ba ita ta rage ɗayar ba. Ka sanyaya mata makwanci fiye da duk ƙanƙarar da ubanta ya taɓa sayarwa. Ka haskaka kabarinta da haskenKa, wanda ba ya jiran yatsan kowa. Ka haɗa ta da mai sunanta a Aljanna Firdausi. Mu kuma in tamu ta zo, Ka sa mu cika da imani.

Yagana, ki yafe mini. Da kin bar ni a bakin hanya tun ranar.

Mahaifinki,
Bukar mai ƙanƙara, Zango, Zinder
20 ga Nuwamba, 2024